Kwalin Littattafai 12: Sharhi kan Tsarin Sayar da Littattafan Fannoni Daban-daban a Haɗe

Akwai wani salon ciniki da wasu masu sayar da littattafan hannu ta intanet suka ɓullo da shi, wanda a cikinsa mai saye ba ya zaɓen littafi da sunansa, sai dai ya faɗi fannonin da yake so da waɗanda ba ya so, su kuma su haɗa masa kwali guda su aiko. Na daɗe ina ɗaukar wannan tsari a matsayin cinikin biri a sama, domin ban ga dalilin da zai sa mutum ya ba da kuɗinsa a kan abin da bai gani ba, balle littafi, wanda ko an gan shi ma sai an buɗe an karanta kafin a san darajarsa. Daga baya na ga ya dace in gwada ko da sau ɗaya ne, sai na cike bayanan da suka nema, na ce a raba ni da littattafan koyon kwamfuta da na shirin jarrabawa, sauran kuma na bar musu wuƙa da nama. Kwalin ya iso da littattafai 12, na kuwa shafe wata huɗu ina bin su ɗaya bayan ɗaya kafin in zauna rubuta wannan sharhi. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, saboda abin da na gani, mai kyau da maras kyau, ya shafi tsarin ne gaba ɗayansa.

Ta fuskar ɗauri da isowa babu abin da zan soka. An naɗe kowane littafi a takarda, an cike gurbin da ya rage a kwalin yadda ba su yi ta gogar juna a hanya ba, an kuma sa wani ɗan kati a cikin kowanne mai bayyana halin da yake ciki. Inda katin ya ce akwai rubutun tsohon mai littafin a gefen shafi, na tarar da rubutun. Inda ya ce bango ya koɗe, haka na same shi. Abin da ke cikin kwalin shi ne littafi kan rayuwar ƙudan zuma, da na lissafin siffofi, da kundin taswirorin duniya, da na ilimin taurari, da jagoran kiwon lafiyar iyali, da tarihin tafiye-tafiyen teku, da na gyaran kayan katako, da gabatarwa ga falsafa, da kundin sani mai juzu'i ɗaya, da ƙagaggen labari da aka fassara, da diwanin waƙoƙi, sai kuma wani na nasiha kan yadda ake cin nasara a rayuwa. Wanda ya san tsarin da Melvil Dewey ya fitar a 1876, wanda ya kasa ilimi gida goma kuma ɗakunan karatu da yawa suke bi har yau, zai lura cewa an taɓo mafi yawan gidajen nan, kuma ina zargin da gangan aka yi haka, ba dace ba ne.

Tun a makon farko na gane cewa tambayoyi biyu ne a gabana, waɗanda mutane suka saba haɗawa wuri ɗaya alhali kowace da hanyarta. Akwai littafin da ya cancanci a karanta shi, akwai kuma wanda ya cancanci a saya a ajiye. Na farkon ya isa a are shi a ɗakin karatu ko a hannun aboki, a gama a mayar, ba a yi asarar komai ba. Na biyun shi ne wanda hannu zai riƙa komawa gare shi bayan shekara ɗaya ko goma, kuma irin wannan sai jikinsa ya iya jure komawar, abin da ke cikinsa kuma ya zama bai ruɓe da tafiyar zamani ba.

Littafin ƙudan zuma shi ne ya cinye jarrabawa biyun, kuma a kansa nake son in tsaya, domin shi ya nuna mini abin da ke bambanta marubucin da ya san fanninsa da wanda ya tattaro labarai kawai. Kusan kowa ya taɓa jin cewa ƙudan zuma kan yi rawa su sanar da 'yan uwansu inda furanni suke. Marubucin bai tsaya ga faɗin haka ba, sai ya ɗauki babi guda yana bayanin yadda Karl von Frisch, masanin nan ɗan ƙasar Ostiriya, ya gano lamarin: yadda ya riƙa ajiye ruwan sukari a nesa da amya, yana ɗiga wa kowane ƙuda fenti a baya don ya shaida shi, sa'an nan ya koma yana leƙen abin da ƙudan yake yi ta jikin amya mai gilashi. Ƙudan da ya samo abinci yakan miƙe a kan saƙa yana kaɗa gindi, ya kewayo ta dama, ya sake miƙewa, ya kewayo ta hagu. Da yake saƙar a tsaye take kuma cikin amya duhu ne, sai sama ta tsaya a madadin rana. Idan abincin yana dama da rana da digiri 40, miƙewar ƙudan za ta karkata dama da digiri 40, tsawon lokacin miƙewar kuma shi ke nuna nisan wurin. Von Frisch ya sami kyautar Nobel a 1973 tare da Konrad Lorenz da Nikolaas Tinbergen.

Abin da ya fi burge ni shi ne marubucin bai ɓoye cewa akwai masanan da suka yi jayayya da wannan bayani ba, waɗanda suka ce ƙamshi ne ƙudan suke bi, rawar ba ta isar da komai. Ya kawo hujjarsu yadda take, bai rage mata ƙarfi ba, sa'an nan ya faɗi irin gwajin da zai iya raba gardamar. Littafin ya girmi binciken 2005 da aka bi sawun ƙudan da na'urar rada aka ga suna nufar inda rawar ta nuna, amma rashin wannan labari bai rage shi da komai ba, domin ya riga ya koya wa mai karatu yadda zai auna sabon labarin idan ya zo masa. A ganina wannan ita ce alama mafi ƙarfi ta littafin da ya cancanci kuɗi a kowane fanni: ya nuna hanyar da aka bi aka sani, ba sakamakon kaɗai ba.

A nan ne kuma amfanin haɗa fannoni a kwali ɗaya ya bayyana mini a zahiri. Ina cikin babin da ke magana kan saƙar zuma, sai na tuna cewa littafin lissafin siffofi yana da wani sashe kan shimfiɗa siffofi a fili ba tare da barin gurbi ba. Na ɗauko shi na ajiye su gefe da gefe a kan tebur. Littafin lissafin ya nuna cewa a cikin siffofi masu daidaitattun gefuna da kusurwoyi, uku ne kaɗai ke iya rufe fili su kaɗai, wato mai gefe uku, da mai gefe huɗu, da mai gefe shida, saboda kusurwoyinsu na digiri 60 da 90 da 120 su ne ke raba 360 ba ragowa. Mai gefe biyar, da kusurwarta ta digiri 108, dole ta bar gurbi. A cikin ukun kuma mai gefe shida ce ta fi ƙarancin katanga idan faɗin ɗakunan ɗaya ne, wanda ke nufin ƙudan yana kashe kaki kaɗan ya sami ma'aji mai yawa. Masanin lissafi Pappus na Iskandariyya ya yi magana a kan wannan tun ƙarni na 4, amma cikakkiyar hujjar da ta haɗa har da siffofi masu lanƙwasa sai a 1999 Thomas Hales ya kawo ta. Da ni na je kanti da kaina, da wuya in haɗa littattafan nan biyu a saye ɗaya, domin kowa yakan koma wa fannin da ya saba ne. Wannan shi ne abin da tsarin kwalin yake sayarwa a haƙiƙa, kuma abu ne mai daraja.

Littafin lissafin tsoho ne ƙwarai, amma tsufa ba ya yi wa irinsa illa, tunda hujjar da Yuklid, masanin lissafin nan Bagirke, ya kafa shekaru fiye da 2,000 da suka wuce tana nan yadda take. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, sai dai ba kowane fanni ne ke da halin zuma ba, kuma a nan ne babban aibin kamfanin yake. Katin da suke sa wa littafi yana bayanin jikinsa ne kawai, ba ya cewa komai game da shekarun abin da ke ciki, alhali fannoni ba sa tsufa da sauri iri ɗaya.

Kundin taswirorin yana da kyan gani, launukansa ba su dushe ba, amma da na buɗe shafin Turai sai na ga Jamus biyu, da Yugoslabiya a dunƙule, da Tarayyar Sobiyet ta mamaye rabin shafi. Jamus ta haɗe a 1990, Tarayyar Sobiyet ta wargaje zuwa ƙasashe 15 a 1991, ƙasar da kundin ya kira Zayar ta koma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo a 1997, Sudan ta Kudu kuma da ta sami 'yanci a 2011 babu ko alamarta. Tsaunuka da koguna suna nan inda suke, don haka shafukan yanayin ƙasa suna da amfani, kundin kuma ya zama shaidar tarihi mai daɗin dubawa, amma ba abin da za a miƙa wa ɗan makaranta a ce ya haddace ba ne. Na ilimin taurari ya lissafa duniyoyi tara masu kewaya rana, domin an buga shi kafin taron masana taurari na duniya da aka yi a birnin Prague a 2006, inda aka fitar da Pluto daga jerin. Wannan ƙaramin gyara ne da fensir zai iya yi, bayanin da littafin ya yi kan husufi da sauyin kamannin wata kuwa har yanzu daidai yake.

Jagoran kiwon lafiyar shi ne wanda ya tayar mini da hankali. A babin gyambon ciki ya ɗora laifin ciwon kacokan a kan damuwa da yawan asid, ya ba da shawarar hutu da kula da abin da ake ci, bai ambaci ƙwayar cuta ko sau ɗaya ba. Tun farkon shekarun 1980 likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka danganta ciwon da wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, har Marshall ya sha ruwan da aka rene ta a ciki a 1984 don ya tabbatar wa masu shakka, kuma an ba su kyautar Nobel a 2005. Yau ana kashe wannan ƙwaya da magani a ƙarƙashin kulawar likita. Tsohuwar taswira kan sa mutum ya faɗi abin da ba daidai ba a cikin hira, tsohon littafin lafiya kuwa yana iya sa shi zama da ciwon da ke da magani. Katin wannan littafi ya ce halinsa “mai kyau ƙwarai” ne, kuma ta fuskar bango da takarda ba su yi ƙarya ba. Sai dai mai sayar da littattafan fannoni daban-daban ya kamata ya san cewa na lafiya da na doka da na fasahar zamani suna da wa'adi kamar maganin da ke cikin kwalba.

Mai saye yana iya kare kansa idan ya san inda zai duba. A bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafi akwai shafin haƙƙin mallaka, kuma nan ne gaskiyar shekarun littafi take. Dole a bambanta sabon bugu, wanda aka gyara aka yi masa ƙari, da maimaita bugu, wanda aka sake gurza tsohon rubutu ba a taɓa ko wasali ba, domin littafi yana iya fitowa daga maɗaba'a bara alhali rubutunsa ya shekara 40. Lambar ISBN ma, wato lambar shaida da ake ba kowane bugun littafi, tana taimakawa: an fara amfani da ita a matsayin ma'aunin duniya a 1970 da lambobi 10, aka mayar da ita lambobi 13 daga farkon 2007, saboda haka littafin kimiyya da ba shi da ita sam, ko kuwa mai lambobi 10 kaɗai yake da ita, ya kamata a yi masa kallo na biyu. Bayan wannan sai a juya ƙarshen littafi a dubi manazarta, a ga shekarar aiki mafi sabunta da marubucin ya dogara da shi, a kuma gwada fihirisa da kalma biyu ko uku a ga ko shafin da ta nuna yana ɗauke da abin da ta ce.

Wannan gwaji na fihirisa shi ne ya tona asirin littafin tarihin tafiye-tafiyen teku. Bangonsa sabo ne fil mai sheƙi, amma rubutun na ƙarni na 19 ne wanda haƙƙin mallakarsa ya ƙare, wani ya ɗauki hotonsa, na'ura ta karanta ta mayar da shi haruffa, aka buga ba tare da idon mutum ya bi ta kai ba. Inda asalin yake da harafin r da n a jere, na'urar ta sha mayar da su m. Marubucin yana cewa a dubi taswirar da ke fuskantar shafin, amma babu taswira ko ɗaya a littafin, lambobin fihirisar kuma na tsohon bugun ne, ba su dace da sababbin shafukan ba. Labarin kansa yana da daɗi, marubucin mutum ne mai lura, amma irin wannan rubutu ana samun sa kyauta a rumbunan intanet irin su Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, inda masu aikin sa kai suke bin rubutu suna gyara kurakuran na'ura. Ya cancanci karatu, wannan bugun dai bai cancanci saye ba.

Game da jikin littattafan, akwai abu biyu da na koyi dubawa. Idan aka kalli littafi ta samansa kusa da ƙashin bayansa, wanda aka ɗinke zai nuna takardunsa a ninke rukuni-rukuni, idan kuma aka buɗe tsakiyar rukuni za a ga zare. Wanda aka manne da gam kaɗai takardunsa ɗai-ɗai ne a jere. Littafin gyaran kayan katako ɗinkakke ne, yana kwanciya a buɗe a kan benci ba sai an danne shi da guduma ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki da hannu biyu. Da zane-zanensa na gyara ƙafar wata kujera da ta daɗe tana rawa, bayan ya nuna mini cewa sai an kankare tsohon gam daga ramin kafin a zuba sabo. Na falsafar mannanne ne, gam ɗinsa ya bushe, ina kai wa babi na uku shafuka suka fara zarewa. Takardarsa ma ta yi ja tana karyewa a kusurwa, wanda halin takardar da aka yi da niƙaƙƙen itace ne mai ɗauke da asid da sinadarin lignin, irin wadda ta yawaita daga tsakiyar ƙarni na 19. Shi ya sa ake samun littafin da ya shekara 300 na takardar tsumma yana nan fari, na shekara 50 kuma yana marmashewa. Maɗaba'un da ke amfani da takarda maras asid sukan faɗi haka a shafin haƙƙin mallaka.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani. Diwanin waƙoƙin da ƙagaggen labarin ba sa cikin abin da shekaru ke ɓatawa, kuma na ji daɗin ganin sunan mai fassara a bangon labarin tare da gabatarwar da ya bayyana kalmomin da suka ba shi wuya, domin fassarar da aka ɓoye sunan mai yin ta sau da yawa akwai dalilin ɓoyewar. Littafin nasihar ra'ayi ɗaya ne da zai shiga shafi biyar, aka ja shi ya cika littafi da labaran mutanen da ba a faɗi inda aka samo su ba. Kundin sani mai juzu'i ɗaya kuwa zamani ne ya ƙwace masa aiki, tunda shekara ko adadin da mutum yake nema yanzu yana samun sa a waya cikin daƙiƙa. Ko Encyclopaedia Britannica, da aka fara bugawa a Edinburgh a 1768, ta sanar da daina fitowa a takarda a 2012. Duk da haka na sami kaina ina buɗe shi don neman abu ɗaya, ido ya zame zuwa maƙwabcinsa a jerin haruffa, in tashi da abin da ban je nema ba.

A lissafina, littattafai biyar daga cikin 12 za su zauna a kantata, wato na ƙudan zuma, da na lissafi, da na katako, da diwanin, da labarin. Huɗu na karanta na amfana amma da aro ya wadatar. Uku kuma da ba a aiko su ba da ya fi. Wanda ya san takamaiman littafin da yake buƙata, ko ɗalibin da zai dogara da abin da ya karanta a jarrabawa, wannan tsari ba nasa ba ne. Ya dace da mai karatun da ya ga yana ta kewaye a fanni ɗaya, wanda kuma zai iya buɗe shafin haƙƙin mallaka kafin ya gaskata babi na ɗaya.

Na rubuta wa kamfanin game da jagoran lafiyar, suka amsa cikin ladabi cewa za su musanya mini shi idan na mayar. Ban mayar ba, don kada ya sake shiga kwalin wani. Na rubuta shekarar bugunsa da jan biro a bangon gaba, na ƙara da cewa kada a yi aiki da shi, na ajiye shi a ƙasan kanta kusa da kundin taswirorin. A kwali na biyu da na nema, na sa sharaɗin a turo mini shekarar bugu da lambar ISBN ta duk littafin da ya shafi kimiyya ko lafiya kafin a ɗaure, sauran fannonin kuma na ce kada a gaya mini komai sai na buɗe.